Haƙoran Yaro da Binciken Farfesa Enwonwu

A jami'o'i, idan ana son auna darajar mai bincike, sai a ƙirga maƙalun da ya buga, a kuma duba sau nawa wasu masana suka ambace su. Wannan ma'auni yana da amfaninsa, musamman wajen ƙarin girma. Amma a fannin lafiyar haƙori akwai tambayar da ta fi shi nauyi, wato ko abin da aka gano ya isa kunnen uwa mai goyo a Dogon Daji cikin ƙasar Tambuwal, ko a Kuchi cikin ƙasar Kebbe. Da wannan tambaya ya kamata a dubi aikin Farfesa Cyril Enwonwu, ɗan Nijeriya da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Maryland ta Amurka.

Tun yaro yana cikin mahaifiyarsa haƙoransa na fari suke fara ginuwa a ƙarƙashin dasashi. Sukan soma ɓullowa yana da kamar wata 6, su cika 20 kafin ya gama shekara 3. Wajen shekara 6 sai famfara ta zo, haƙoran girma su bi layi har su kai 32. Abin lura shi ne farin ɓawon nan mai tauri da ya lulluɓe haƙori. Ƙashi idan ya karye yakan ɗinke, shi kuwa ɓawon haƙori sau ɗaya ake gina shi. Idan yunwa ko zazzaɓi mai tsanani ya sami yaro ana cikin ginin, tabon zai zauna, a gan shi kamar zane ko ɗan rami.

A 1973 Enwonwu ya buga sakamakon binciken da ya yi a yankin Ibadan, inda ya kwatanta 'ya'yan masu hali da 'ya'yan talakawan ƙauye. Ya tarar haƙoran yaran ƙauye suna jinkirin fitowa, ɓawonsu kuma ya fi yawan tabo. Ke nan bakin yaro yana ba da labarin tukunyar gidansu.

Ya kuma yi bincike kan cutar noma, mai zaizaye baki da fuska. Sunan ba shi da dangantaka da noman gona, daga harshen Girka ya fito, ma'anarsa cinyewa. A ƙasar Sakkwato wasu kan ce ciwon daji, wasu ciwon iska. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, wato daga yaye zuwa famfara, galibi bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro sun tarar da yaro cikin tamowa. Takan fara da ɗan gyambo a dasashi, da jini, da wari. Cikin 'yan kwanaki kunci ya kumbura, nama ya ruɓe, ƙashi ya bayyana. A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 140,000 ke kamuwa kowace shekara, kuma idan babu magani kusan 9 cikin 10 suna mutuwa. Wanda ya tsira, sau da yawa muƙamuƙinsa kan ƙage, haƙoransa su karkace yadda wayar gyaran jerin haƙora ba ta iya komai sai an yi tiyata.

A 1999 Enwonwu da abokan aikinsa sun ba da rahoton samun ƙwayar cutar Fusobacterium necrophorum a gyambon yara masu noma, suka zarge ta da kunna wutar. Binciken da aka yi daga baya a Damagaram ta Nijar, aka buga a 2013, bai tabbatar da hakan ba. Ya nuna cewa ƙwayoyin da ke zaune a baki ne suke rikicewa idan garkuwar jiki ta yi rauni. Wannan ba abin kunya ba ne ga masani, haka kimiyya take tafiya. Ginshiƙin maganarsa, wato yunwa da talauci su ne tushe, yana nan daram.

An sami ci gaba. An buɗe Asibitin Yara na Noma a Sakkwato a 1999, kuma a watan Disamba na 2023, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Sai dai tsakanin Tambuwal da Sakkwato akwai kimanin kilomita 100, Kebbe ma ta fi nisa, ita kuwa noma ba ta jiran a sayar da akuya a sami kuɗin mota. Tana matakin gyambon dasashi ake cin ƙarfinta da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wanke baki, da abinci mai gina jiki, kuma duk waɗannan ba su fi ƙarfin ƙaramin asibitin gari ba.

A nan aikin ya faɗo kan malaman kimiyyar halittu da ɗalibansu. Darasin haƙori bai kamata ya tsaya ga zana turmi da fiƙa a allo ba. Ɗalibin da ya koma gida hutu ya iya ɗaga leɓen ƙanensa da ya tashi daga ƙyanda ya duba. Idan ya ga dasashi yana jini, baki yana wari, yawu yana dalala, to a ranar za a kai yaron asibiti.