A Kan Ɗaga Mota: Araha Ba Ta Ado

Bana damina ta sake koya mana darasi, shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kan wannan yayi na ɗaga a-kori-kura.

Dalilin yayin ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda ya bi hanya daga Bawku zuwa Garu, ya hau tudun Nakpanduri ya nufi Gushegu da Yendi, ya san yadda cikin mota ke gogar ƙasa. Amma fa ɗagawar iri uku ce, kuma ba ɗaya suke ba.

Na farko shi ne mai araha: fita ya cusa guntun ƙarfe tsakanin sifirin da gatari, mota ta tashi tsaye kamar raƙumi. To, tsawo kurum aka saya. Sifirin ɗin na da ne, ƙarfinsa bai ƙaru da komai ba.

Na biyu shi ne ƙarin falle ɗaya ko biyu a sifirin na baya, irin aikin da maƙeran Suame Magazine na Kumasi suka ƙware a kai. Kuɗinsa madaidaici ne, kuma yana hana gindin mota durƙushewa in an yi lodi. Aibinsa, in mota ba kaya sai ta riƙa tsalle, kuma in an bar tsohuwar shokozoba ba ta daɗewa.

Na uku shi ne cikakken saiti irin na Old Man Emu ko Ironman, na ƙasar Ostireliya: sifirin da shokozoba da bushin, duk an auna su tare. Yana iya cin kuɗin bijimi sukutum, ga kuma jabu a kasuwa.

Abin da masu sayarwa ba sa faɗa mana shi ne, ko nawa aka ɗaga mota, tulun gatarin baya yana nan inda yake, sai babbar taya ke nisanta shi da ƙasa. Sannan Hilux nauyin da aka yi ta dominsa bai wuce wajen tan 1 ba, wato bijimai 3 sun cika ta. Kuma shanu ba buhun masara ba ne, motsi suke yi. Iya tsawon mota, iya saukin kifewarta a kwana.

Mun gani da idonmu. Wani ɗan'uwanmu ya yi ɗagawar araha, ya ɗauko bijimai a watan Agusta, motar ta kife a gangare. Allah ya kiyaye rayuka, amma bijimi guda ya karye, dole aka yanka shi a gefen hanya, mahauta suka saya yadda suka ga dama. Hasarar ta ninka abin da ya yi tattali.

Shawararmu ita ce: kada ɗagawa ta wuce inci 2. Mai ɗaukar shanu ya ƙara falle, ya sa sabuwar shokozoba mai kyau. Mai hali da ke dogon zango har Bittou da Pouytenga a Burkina ya sayi cikakken saiti, a hannun wanda zai ba shi rasit. Guntun ƙarfe kuwa a bar shi.

Dabba amana ce, haka yaran da ke bayan mota, za a tambaye mu a kansu. Allah ya tsare hanya, ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.