Da Ɗan Gari A Kan Ci Gari

Kowace shekara idan zangon karatu ya kusa ƙarewa, malamai da yawa a ƙasar Gwarzo da ta Kabo su kan tara kuɗi wurin iyayen yara, su yi shatar mota, su kai 'yan makaranta birnin Kano yawon buɗe ido na yini ɗaya. Wannan al'ada ce mai kyau, muna kuwa yaba wa masu yin ta, gama gani ya kori ji. Amma akwai wata gardama da ta kan tashi tsakanin malamai tun ba a hau mota ba. Waɗansu su ce a nemi jagora wanda ya san gari a biya shi, waɗansu su ce asarar kuɗi ce, ai Kano ba baƙon wuri ba ne, kowa ya sha zuwa cin kasuwa. Tun da yake kuɗin talakawa ne za a kashe, kuma yaro da yawa wannan ce zuwansa ta fari, ya kamata mu faɗi namu ra'ayi.

Bari mu fara da misalin wani gari mai nisa inda aka daɗe ana wannan gardama. A ƙasar Italiya akwai wani tsohon birni da ake kira Benis. An gina shi ne bisa ƙananan tsibirai 118 cikin wani makeken tafki a gefen teku, gadoji fiye da 400 suka haɗa su. Manyan hanyoyinsa duk na ruwa ne, mota ba ta yawo cikinsa, sai kwalekwale da ƙananan jirage da tafiyar ƙafa. Akwai waɗansu manya-manyan jiragen ruwa masu ɗaukar mutum dubbai, waɗanda ba fatauci su ke yi ba, sai yawon shan iska daga wannan gari zuwa wancan. Idan irin wannan jirgi ya yada zango, a kan ba fasinja 'yan sa'o'i su sauka su ga gari su komo. Nan fa kowa zai zaɓa, ko ya biya ya bi jagoran da masu jirgi suka shirya, ko ya kutsa lunguna shi kaɗai. Wanda ya bi jagoran jirgi, ko an makara za a jira shi. Wanda ya tafi da kansa ya fi sakewa, kuɗinsa kuma ya fi auki, amma in ya ɓata cikin lungu har lokaci ya wuce, sai dai ya tarar jirgi ya tashi.

Yawan baƙin yini ɗaya ya dami mutanen Benis ƙwarai. A 1951 mazaunan tsohon birnin sun kai wajen 175,000, amma a 2022 ba su cika 50,000 ba, cunkoson baƙi da tsadar gidaje kuwa suna cikin dalilan da suka kore su. Daga 1 ga Agusta 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jirage ratsawa ta tsakiyar birnin. A 2024 hukumar gari ta fara karɓar Yuro 5 daga baƙon yini ɗaya a waɗansu ranaku, ta kuma yi doka kada jagora ya ja ayarin da ya wuce mutum 25, kada kuma ya yi amfani da lasifika. Watau su ma sun gane taron da ke bin jagora a guje kamar garke ba ya ƙaruwa da kome, sai takura wa masu gari.

Kada mai karatu ya ce ina ruwanmu da Benis. Lokacin da Dokta Barth, Bajamushen nan da aka sani da suna Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, cikin kayan da ya lissafa ana sayarwa a kasuwa har da duwatsun wuya na Benis, da wata takarda mai alamar wata uku. Wannan takarda a ƙasar da ke kewaye da Benis a ke yin ta, ta ƙetaro teku zuwa Tarabulus, raƙuma su ratso Sahara da ita. Alƙur'anai da littattafai masu yawa na rubutun hannu da kakanninmu suka bari a kanta aka rubuta su, wanda ya ɗaga warƙa ɗaya a rana zai iya ganin alamar. To, yaron da ya ratsa Kasuwar Kurmi babu mai gaya masa wannan, me ya gani? Rumfuna da turereniya, ba wani abu ba.

Malamin da ya taso da yara daga Gwarzo ko Kabo shi ma fasinjan jirgi ne. Ya baro gida da hantsi bayan an gama jiran masu makara, ya biyo ta Rimin Gado, kafin ya kutsa cunkoson Kabuga rana ta yi sama. Akwai sallar azahar da la'asar, akwai abinci, direba kuma tun la'asar sakaliya ya fara ƙorafi yana so ya koma kafin duhu. In an lissafa sosai, abin da ya rage na kallo bai fi sa'a huɗu ko biyar ba. Mun taɓa tarar da wata motar 'yan makaranta daga yammacin nan a gindin Dala. An hau da yaran, an ɗauki hoto, an sauko, duka bai kai rabin sa'a ba. Muka tambayi wani yaro mai wayo cikinsu ko wane ne Barbushe, sai ya ce yana tsammani sunan direbansu ne. Ba laifin yaron ba ne, ba wanda ya faɗa masa.

Ga shi kuwa tun daga bakin gari darasi ya ke farawa. Ta wajen Ƙofar Kabuga, inda kowane mutumin Gwarzo ke shigowa, nan sojan Ingila suka shiga Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Ganuwar da ake hangen ragowarta, Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara ta wajen shekara 900 da suka wuce, Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, shi ne kuma ya kafa Kurmi ya gina gidan sarauta da ake kira da sunansa. Akwai unguwar Dandalin Turawa, wadda baƙo zai zaci mutanen Ingila ne suka zauna cikinta, alhali kuwa Larabawan Tarabulus da Gadamas ne, gama su a ke kira Turawa a da. Akwai Jakara, wadda yau mai wucewa zai toshe hanci ya ce lambatu ce, amma a zamanin maguzanci kurmi ne mai ruwa wanda ake tsoro ana girmamawa, kuma a bakinta kasuwa ta tsiro. Ba ɗaya cikin waɗannan da ke rubuce a bango. Baƙo ko da ido makaho ne, sai an kama hannunsa.

Amma fa masu ƙin jagora su ma suna da hujja, ba za mu ɓoye ta ba. Ba kowane mai cewa shi jagora ne ya san abin da ya ke faɗi ba. Wani ya haddace 'yan kalmomi ne kurum, ya cuɗa tatsuniya da tarihi, in yaro ya yi tambaya ya daka masa tsawa. Wani hankalinsa na kan rumfar da za a ba shi la'ada in ya kai baƙi. Wani kuma gaggawa ya ke yi ya sallame ku ya tari waɗansu. Ƙarya kuwa in ta shiga kan yaro a gaban tsohon gini, ta fi ta cikin aji wuyar fita, don zai ce ai a wurin aka gaya masa. Bayan wannan, malami shi ya san yaransa, ya san abin da suka karanta da inda fahimtarsu ta tsaya, jagora bai sani ba.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, mai yini ɗaya ya nemi jagora, amma kada ya miƙa masa linzami. Malami shi ne madugu, jagora ɗan gari ne da aka ɗauka ya nuna hanya. Yawo da kai babu jagora na wanda ya ke da kwanaki ne, ko wanda ya riga ya san gari yana neman ƙari, irin wannan ko ya ɓata cikin lungu riba ce, matambayi kuwa ba ya ɓata. Amma mai yara hamsin da sa'a huɗu ba shi da lokacin ɓata.

Ga abin da mu ke ba malamai shawara. Da fari, malami ya je shi kaɗai tun da sauran mako biyu, ya taka wuraren da ƙafarsa, ya san nisan da ke tsakaninsu da inda yara za su yi alwala su ci abinci. Na biyu, ya nemi jagora inda ilmi ya ke, watau Gidan Makama, wanda ke hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ko Gidan Ɗan Hausa, inda Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ta ke, gidan da Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. A rubuta musu takarda tun da wuri, kada a faɗo musu kwatsam. Na uku, a taƙaita. Wuri uku da aka fahimta sun fi goma da aka leƙa. Dala da safe don yara su ga shimfiɗar gari duka daga sama, sa'an nan Gidan Makama, sa'an nan marinar Ƙofar Mata ko Kurmi, ya isa. Na huɗu, a raba yara ƙungiya-ƙungiya, gama abin da mutanen Benis suka gano gaskiya ne ko'ina, na bayan dogon layi ba ya jin kome. Na biyar, a karanta musu labarin wuraren tun a aji, kowane yaro ya zo da tambaya ɗaya rubuce, in an koma kuma ya rubuta abin da ya gani. A kuma hore su da ladabi, don lungunan birni ƙofar gidajen mutane ne, marina kuma wurin neman abincinsu ne, a yi sallama, a nemi izini kafin a ɗauki hoto.

Muna da roƙo kuma ga ma'aikatan ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, musamman na sashen ilmi. Kada takardar neman izinin tafiya ta wuce teburinku sai kun ga an rubuta wuraren da za a je, da wanda zai yi bayani, da yadda za a kashe kuɗin iyaye. Wannan ba tsanani ba ne, tsare amana ne.

Abu na ƙarshe, mu duba gida. In baƙo ya sauka Gwarzo ko Getso, ko Kabo ko Garo, ya ce a nuna masa inda ganuwa ta bi da inda aka fara kafa gari, wa zai kama hannunsa? A zamanin En'e a kan ajiye littafi na kowace gunduma mai ɗauke da tarihinta da jerin masu sarautarta. Yau dattawan da suka san waɗannan abubuwa suna ta ƙarewa, ganuwar Kano kanta, wadda aka sa cikin jerin jiran Hukumar UNESCO tun 2007, gine-gine sun cinye da yawa daga cikinta muna kallo. Malamin da ya kai yara wurin dagaci ko wani tsoho suka rubuta labarin garinsu kafin su tafi Kano, ya koya musu yadda a ke tambaya da yadda a ke saurare, ya kuma fara renon jagororin gobe. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo da su lafiya da abin da za su ƙaru da shi, amin.