Amaryar Zaɓe

A ƙananan hukumomi 77 na Jamhuriyar Benin babu dokar da ta hana namijin da ke zaune da namiji neman kujerar kansila. Nan ba Najeriya ba ce, inda Goodluck Jonathan ya sa hannu a 2014 kan dokar ɗaurin shekara 14. Amma a Parakou ko Djougou ba a buƙatar alƙali. Tsarin zaɓen kansa ya isa.

Ba a tsayawa takarar kansila da ƙashin kai, dole sai jam'iyya ta sa sunanka a jerinta. A zaɓen 17 ga Mayu 2020, jam'iyyar da ba ta kai kashi 10 cikin ɗari na ƙuri'un ƙasa baki ɗaya ba ko kujera ɗaya ba ta samu, shi ya sa uku kawai suka raba: UP, BR da FCBE. Ke nan kafin mutanen Zongo su ce komai, wasu 'yan manya a ɗaki ɗaya sun riga sun tace sunaye. Raɗa guda ta isa a share mutum.

To, ga shawarar da ake ba irin wannan ɗan takara, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami: "Alhaji, ka yi aure kafin zaɓe, bakin mutane ya mutu." Masu ba da ita sun san yana da abokin zama na shekara da shekaru. Ba su ce ya rabu da shi ba. Cewa suke a nemo yarinya, a kai lefe, a raba goro, a ɗauki hoto.

Ina tambayarku, malamai da iyayena: 'yar wa za a kawo? Taku? Za a ɗaura mata aure da mutumin da zuciyarsa ke wani gida, ta kwana tana zargin kanta, in shekara ta zagayo babu ciki uwar miji ta fara kai ta wurin masu magani. An mai da ita fosta, an liƙa a bango. Wanda ya ce addini ne ya hana shi zaɓen mutumin, ƙuri'arsa tasa ce, ban zo ƙwace masa ita ba. Amma wane addini ne ya halatta a yaudari waliyyi a cuci budurwa? Zunubin da aka lulluɓe da zanen amarya kuna iya zama da shi, wanda ya ƙi yi muku ƙarya shi ne ba ku iya gani.

Kada kuma a ce tsoron banza yake ji. A 2021 an tuɓe wasu mata-maza uku a wata mashaya a Kwatano, aka lakaɗa musu duka, aka watsa bidiyon a intanet. A Faransa ma Bertrand Delanoë, wanda ya faɗi halinsa a talabijin a 1998 aka kuma zaɓe shi magajin garin Paris a 2001, an daɓa masa wuƙa a cikin ginin ofishinsa a 2002. Ya warke, aka sake zaɓensa a 2008. Na san Djougou ba Paris ba ce, ba sai an tuna min ba.

Aikin kansila dai shara ne da kwata da harajin rumfuna a kasuwar Arzeke. Ku tambaye shi ina kuɗin tikiti ke shiga, in ya kasa amsawa ku kayar da shi. In kuma zamansa ne ya tsaya muku a rai, ku faɗa masa ido da ido ku hana shi ƙuri'a. Yarinyar da kuke shirin kai wa lefe ko katin zaɓe wataƙila ba ta yanka ba tukuna.