Jarrabawar aikin likita: maki na ɗalibi ne, rai kuwa na majinyaci

Duk shekara idan lokacin jarrabawar kammala karatun kiwon lafiya ya ƙarato, gidaje da yawa a Tasawa da Mayahi sukan shiga zullumi. Ɗan kasuwar da ya sayar da buhunan wake ya biya wa ƴarsa kuɗin makarantar ungozoma a Maraɗi, da ma'aikacin gwamnatin da ya ci bashi kan albashinsa domin ɗansa mai karatun likita a Yamai, dukkansu tambaya ɗaya ce a bakinsu: yaya yaro zai sami maki ya wuce? Tambaya ce ta gaskiya, kuma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Sai dai akwai wata tambayar da ta fi ta nauyi, wadda ba a cika yin ta ba: idan ya wuce, me ya iya?

A Nijar likita yana shafe shekara bakwai ko fiye a jami'a, ya kare kundin bincikensa gaban malamai, ya yi rantsuwa, sannan ya yi rajista da hukumar likitoci ta ƙasa. Sashen koyon likitanci na Jami'ar Yamai, wadda aka sa wa sunan Abdu Mumuni a 1992, shi kaɗai ya daɗe yana ɗauke da wannan nauyi kafin jami'o'in Maraɗi da Damagaram su buɗe nasu. Masu jinya da ungozomomi kuwa, bayan makarantu masu zaman kansu sun yawaita, gwamnati ta ɗora musu jarrabawa guda ta ƙasa, domin takardar da ta fito daga kowace makaranta ta hau sikeli ɗaya. Wannan mataki ya dace, kuma duk mai neman a sassauta shi bai yi wa talaka adalci ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne irin shirin da ake yi wa jarrabawar. Ɗalibai da dama sukan ajiye littafi sai saura wata guda, sannan su tattara tambayoyin shekarun baya, su haddace amsoshi dare da rana da taimakon shayi. Wannan karatun aku ne. Tun 1885 wani masani ɗan Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa abin da aka cusa wa ƙwaƙwalwa a zama ɗaya yana zubewa cikin ƴan kwanaki, alhali wanda aka maimaita da tazara yana zama daram. A 2006 masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gwada ɗalibai, suka tarar wanda ya rufe littafi ya tilasta wa kansa tuno abin da ya karanta ya fi mai maimaita karatu riƙewa bayan mako guda. Hausawa sun riga sun faɗa: ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka hanyar ƙara maki da hanyar zama gwani ba su raba gari ba. Ɗalibi ya raba karatunsa tun farkon shekara, kaɗan-kaɗan kullum. Ya zauna da abokai uku ko huɗu suna yi wa juna tambayoyi. Tambayoyin baya ya ɗauke su madubi, ya rubuta duk inda ya faɗi, ya nemi dalilin amsar da ta dace. Sannan ya haɗa kowane babi da majinyacin da ya gani da idonsa lokacin koyon aiki, domin wanda ya taɓa auna hannun yaro mai tamowa, ko ya ga sanƙarewar wuyan mai sanƙarau, ba ya manta alamominsu a ɗakin jarrabawa. Gani ya kori ji.

Ko Amurka, inda tseren maki ya yi ƙamari, ta farga: daga Janairun 2022 matakin farko na jarrabawar lasisin likitocinta ya daina ba da lamba, sai dai a ce an ci ko an faɗi. Dalilin da aka bayar shi ne ɗalibai sun mayar da hankali kan lamba fiye da kima.

To amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Makarantar da ta karɓi kuɗin ɗalibai ɗaruruwa ba tare da isassun malamai ko wurin koyon aiki ba, ita ce ta fara tura su ga hadda. Wajibi ne Ma'aikatar Lafiya ta riƙa bayyana sakamakon kowace makaranta a fili, domin uba ya san inda zai zuba guminsa. Haka kuma asibitocin gundumomin Tasawa da Mayahi sun cancanci a mayar da su wuraren horo na sosai, da malamai masu sa ido. Ya kamata kuma a riƙa gwada ɗalibi a bakin gado, a ga yadda yake yi wa majinyaci tambaya da Hausa, tunda matar da aka ɗauko a amalanke daga Kananbakashe ko Urafan ba da Faransanci za ta faɗi ciwonta ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da sa ma'aunin likita ɗaya ga mutum 10,000, kuma karkarar Maraɗi tana nesa da wannan adadi. Tun 2006 aka yafe kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar, amma kyauta ba ta warkar da yaro idan mai duba shi bai bambance zazzaɓin cizon sauro da ciwon haƙarƙari ba. A ƙauyen da ma'aikacin lafiya ɗaya ne tal, babu wanda zai gyara masa kuskure.

Iyaye su ci gaba da neman maki ga ƴaƴansu, haƙƙinsu ne. Amma su guji sayen tambayoyi da neman alfarma, domin wanda aka saya wa takarda yau, gobe shi ne zai riƙe allura a kan jikokinsu. Allah Ya sa a gane.