Ƙofar Zaure

A watan Maris na 2017 ina zaune a ƙofar gida a Shagari, rediyo na gefen tabarma, aka kawo labarin wani kulob na golf, wasan da wasu ke kira ƙwallon lambu, a ƙasar Sikotilan. Kulob ɗin masu filin Muirfield ne, an kafa shi tun 1744, amma sai a ranar mazansa suka yarda mace ta zama mamba. Shekara 273 ƙofa a rufe. Ko buɗewar ma sai da uwar bari: a watan Mayu na 2016 sun kaɗa ƙuri'a, masu son a buɗe suka sami kashi 64 cikin ɗari, ba su kai biyu bisa uku da dokarsu ta ce ba, nan take aka cire filinsu daga jerin filayen da ake kai wa babbar gasar Birtaniya. Da suka ji a jikinsu suka sake zama, kashi 80 suka amince.

Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce, "To mu ina ruwanmu, Malam? Ko ƙwallon ba mu taɓa gani ba." Gaskiyarsa. Amma ni labarin ya tsaya mini a rai.

Golf wasa ne na tafiya a hankali. Mutum huɗu za su shafe wajen awa huɗu suna bin ramuka 18, suna tafe suna hira, a cikin hirar ake ƙulla kwangila, ake ambaton sunan wanda za a ba muƙami. A kulob ɗin Augusta na Amurka, kamfanin IBM na cikin masu ɗaukar nauyin gasarsu, kuma an saba ba shugabanninsa koriyar rigar mamba. Da mace, Virginia Rometty, ta hau kujerar a farkon 2012, sai ta zo gasar a matsayin baƙuwa. Sai a watan Agusta na shekarar suka karɓi mata biyu na farko, Condoleezza Rice da Darla Moore. Wadda aka hana shiga fili, wurin yanke magana aka hana ta.

Mu ma muna da irin wannan fili, zaure muke ce masa.

Ina sabon malamin firamare a wani ƙauye tsakanin Shagari da Bodinga aka ce za a haƙa mana rijiyar burtsatse. Aka taru a zaure, ni ne mai rubuta abin da aka yanke. Mu kusan talatin, babu wanda ya taɓa ɗora tulu a ka tun da ya yi aure. Muka zaɓi bakin kasuwa, kusa da inuwar da maza ke zama, don a can idonmu zai riƙa kai wa ga famfon. Da na koma gida na gaya wa Inna cikin murna, tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Wa yat tambaye mu?" Matar aure ba za ta je ta sunkuya a gaban majalisar maza ba, kowa ya san haka, amma babu wanda ya tuna, domin masu tunawar suna bayan katanga. Ɗiban ruwa ya koma kan 'yan mata ƙanana. Ni ke riƙe da rajista, na ga yadda sunayensu suka riƙa cika da alamar latti, daga baya wasu suka daina zuwa. Da hannuna na rubuta wannan shawara, har yau tana damuna.

Idan ka ɗaga maganar, amsar a shirye take: haka muka gada. Abin da mutanen Muirfield suka riƙa faɗa ke nan. To amma mu me muka gada? Sifawa, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ga ta nan gab da Bodinga, garin da ƙanensa Abdullahi ya zauna. A zamanin yawon wa'azinsu wani malami, Mustafa Gwani, ya yi musu gyara a kan barin mata suna halartar karatu. Shehu ya sa Abdullahi ya ba shi amsa, ya nuna masa cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni, kuma an keɓe musu wurin zamansu. 'Yar Shehu, Nana Asma'u, ta naɗa shugabanni mata da ake kira jaji, ta ɗora musu malfa, suka riƙa jagorantar matan da ake kira 'yan taru daga ƙauyuka zuwa neman ilimi. Wannan ma gado ne, kuma ya girmi wanda ake fakewa da shi.

Duk da haka, lokacin da Alhaji Shehu Shagari ya shiga Majalisar Wakilai a 1954, babu mace ɗaya a mazaɓarsa da ke da ƙuri'a. A zaɓen 1959 matan Kudu sun yi layi, na Arewa suna gida. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan wannan fafutuka. Sai a 1979 iyayenmu mata suka fara zaɓen tarayya, a zaɓen da ya kai ɗan garinmu kujerar shugaban ƙasa.

Bayan shekaru da haƙa waccan rijiya aka samu kuɗin haƙa ta biyu a ƙauyen da na koyar, aka gayyace ni zaman. Na roƙi mai gari a shimfiɗa tabarma ta ƙofar ciki, a kira tsofaffi mata uku. An yi ta gunaguni kafin a yarda. Babbarsu ba ta ja magana ba. Ta ce a kai ta bayan gari ta gabas, ƙarƙashin tsamiya, inda hanya ta bi ta bayan gidaje, kuma a yi mata dakali don a riƙa ɗora tulu kafin a ɗauka. A nan aka haƙa ta.