Idan An Canja Littafi, Ina La'adar Dillali?

Da yawa daga cikinmu ɗalibai, har da 'yan'uwanmu ƙananan ma'aikata da albashi ba ya kai su ƙarshen wata, mun shiga wata sana'a da ake kira dillancin intanet. Sana'ar ba baƙuwa ba ce, sai dai ta sake riga. Kamfani ya ba ka adireshi mai ɗauke da lambarka, ka tallata hajarsa, wanda duk ya bi ta wannan adireshi ya yi sayayya, sai a ba ka la'ada. Tun 1996 Amazon ya buɗe irin wannan tsari. Bambancin ɗaya ne, kuma babba ne: dillalin kara yana tsaye ake sallama saniya, yana ganin kuɗi suna shiga hannu, amma dillalin intanet ba ya ganin kome. Abin da dandalin bin diddigi ya rubuta, shi ne kaɗai shaidarsa.

To, me ke faruwa ran da kamfani ya ce zai tashi daga wannan dandali ya koma wani? Wannan ba tatsuniya ba ce. A 2013 Google ya rufe nasa dandalin dillanci. Awin ya sayi ShareASale a 2017, a 2025 kuma ya rufe shi ya kwashe 'yan kasuwa da dillalai zuwa nasa. Ba mu ce ƙaura laifi ce ba, sau da yawa ma tilas ce. A da, ana dogara ne da wani ɗan tambari mai suna kuki da ake ajiyewa a burauzar mai saye. Tun 2017 Apple ya fara takura wa wannan tambari a Safari, a 2020 ya toshe kukin da ba na shafin da mutum ke ciki ba gaba ɗaya. Saboda haka kamfanoni suka juya ga hanyar da kwamfutar kanti ke aika wa kwamfutar dandali lambar ciniki kai tsaye. Wannan ya fi inganci, mun yarda.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a bar asarar ƙaura a kan mafi rauni. A duba yadda take zuwa. Yarinya ta yi shekara biyu tana zuba adireshinta a bidiyo ɗari da rubuce-rubuce da rukunonin WhatsApp. Ran da aka kashe tsohon dandali, in ba a ɗaura tsohon adireshi a kan sabo ba, ɗayan biyu ne: ko adireshin ya mutu, ko kuwa, abin da ya fi muni, ya kai mai saye kanti lafiya lau ba tare da lambarta ba. Kanti ya sayar, ya ci riba, ita ko sisi. Kuma ba za ta sani ba, domin cinikin da ba a rubuta ba ba ya kuka.

Akwai kuma wanda ya latsa jiya ya saya jibi. Kowane tsari yana da wa'adinsa: na Amazon awa 24 ne, wasu kwana 30. Idan latsawar tana tsohon littafi, sayayyar kuma ta faɗa sabo, wa zai haɗa su? Sai ga la'adar da aka amince da ita amma ba ta kai adadin da ake biya ba. Ga sharuɗɗan da akan sake a ɓoye cikin hayaniyar tashi, a rage kaso ko a taƙaita wa'adi, a ce wai sabon tsari ne.

Za a ce mana gudanar da dandali biyu a lokaci guda yana da tsada, kuma ana iya biyan la'ada sau biyu a kan ciniki ɗaya. Gaskiya ne, amma maganinsa a hannun kamfani yake: kowane ciniki yana da lambarsa, da ita ake tacewa. Wanda ya yanke shawarar tashi, shi ya kamata ya biya kuɗin mota. Ra'ayinmu shi ne a bar tsohon dandali yana aiki aƙalla tsawon wa'adin kuki bayan buɗe sabo, a juya tsofaffin adireshi su riƙa kaiwa da lambar mai su, a kuma biya duk ragowar la'ada kome ƙanƙantarta kafin a rufe littafi.

Mu ma da namu aikin. Mu sauke lissafinmu mu adana tun kafin ranar rufewa. Waɗanda suka yi sakaci da tsohon Google Analytics, wanda ya daina karɓar bayanai ranar 1 ga Yuli, 2023, sun rasa tarihinsu bayan shekara guda. Mu daina watsa adireshin kamfani tsirara, mu bi da shi ta wani gajeren adireshi da mu ke iko da shi, yadda in an yi ƙaura wuri ɗaya za mu gyara, ba ɗari ba. A makon farko kuwa, a sa wani aboki ya yi ɗan ƙaramin ciniki ta sabon adireshi, in sharuɗɗa sun yarda, a zauna a ga ko ya fito a lissafi.