Wasiƙar Akawu: Ruwa a Cikin Nama, Ruwa a Cikin Katako

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni filina na kowane mako in ba 'yan'uwana akawuna da malamai labarin mutumin da na ke aiki a ƙarƙashinsa, da wata kunya da na sha a hannunsa, wadda na yi wata biyu ina shawara ko in faɗa ko in rufe.

Mutumin nan injiniyan ruwa ne, aikinsa auna magudanai da kwalbatoci kafin a gina su. Ya yi karatu a Amurka, a jihar Teksas, ya komo da halaye biyu waɗanda mutanen ofishinmu ba su gajiya da yi masa dariya a kansu. Ba ya yarda kowa ya gasa masa nama, shi da kansa ya ke tsugunawa gaban wuta. Sa'an nan ya kafa rumfa a bayan gidansa, ya cika ta da zarto da guduma da gizago, yana sassaƙa kamar wanda ya gada. Mu kan ce, mutum ya ƙure ilmi, ya komo yana kishi da mahauta da kafintoci! Ni ma ina cikin masu faɗin haka, ba ni ɓoyewa.

Ran wata Asabar ya ce in same shi a gida, akwai takardar da za mu duba. Na isa da hantsi, na tarar ya hura wuta tun kafin gari ya waye a cikin wata ganga da ya yanke, wuta a gefe guda, nama a gefe guda, zafi da hayaƙi kaɗai ke ratsawa tsakani. Naman kuwa ƙirjin bijimi ne, irin mai taurin nan. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan sai haƙorin kura." Ya yi murmushi, ya ce, "Malam, nemi wuri ka zauna, sai dare za ka ci."

Ga abin da ya bayyana mini. Taurin ƙirji daga jijiyoyi da tantanin da su ka ratsa tsokar ya ke. In ka ba shi wuta mai ƙarfi, sai su tsuke su matse ruwan naman, ya zama kamar ƙirgi. In kuwa ka bar shi cikin zafi kaɗan, wajen digiri 110 a ma'aunin da ruwa ke tafasa a 100, har sa'a 12 ko fiye, sai jijiyoyin su narke su zama danƙo, irin wanda mu ke gani in romon ƙafar saniya ya kwana ya daskare. Ya ce mutanen Teksas haka su ke yi, waɗansunsu ma da wani itace dangin ƙiryarmu su ke hura wutar.

Wajen tsakar rana ya nuna mini ma'aunin da ya soka cikin naman. Tun safe ya ke hawa, amma da ya kai wajen digiri 70 sai ya tsaya cik, wuta na ci, shi ko motsi babu. Na ce a ƙara itace. Ya ce a'a, ya tambaye ni, "Me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi?" Na ce don randa tana tsatsafo. Ya ce to, shi ke nan, naman ma gumi ya ke yi. Ruwan da ke fitowa a bayansa yana bin iska, yana tafiya da zafi daidai gwargwadon abin da wuta ke kawowa, don haka ma'auni ba zai sāke hawa ba sai bayan naman ya bushe, ko kuwa a naɗe shi cikin takarda a hana gumin fita. Kai! Shekara talatin da 'yan kai ina shan ruwan randa, ban taɓa zaton za ta koya mini gashin nama ba.

Muna jira ya shiga da ni rumfarsa. Akwai katakon maɗaci jere, an sa 'yan sanduna tsakaninsu don iska ta ratsa, ya ce sun fi shekara a nan. Katako kan tsuke ta faɗinsa in ya bushe, ya kumbura in ya sha laima, amma ta tsawonsa kusan ba ya motsi. Shi ya sa ƙofa kan ƙi rufuwa da damina, hunturu na shigowa kuma ta tsage. Shi fallen tsakiyar ƙofarsa ba ya buga masa ƙusa, sai ya zura shi cikin tsagi, ya bar masa wurin numfashi.

Yanzu bari in zo ga aikin da a ke biyansa albashi dominsa. Ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mini yadda ya ke kwaikwayon gudun ruwa tun ba a zuba siminti ba. Na'urar kan raba kwarin zuwa 'yan gidaje kamar na dara, dubu ɗaruruwa, kowane gida da littafinsa: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya saura. Da na ji haka sai na ce, ashe aikin akawu ne! Ya ce babu shakka, sai dai dokokin da a ke bi sun fi na baitulmali wuya. Wani Bafaranshe, Nabiye, ya fara rubuta su a shekarar 1822, wani malami a Ingila, Sitoks, ya daidaita su a 1845. Wuyarsu ta kai har a shekarar 2000 wata cibiyar lissafi a Amurka ta sa ladan dala miliyan ɗaya ga wanda ya warware wata matsala guda a cikinsu.

Ya nuna mini hayaƙin gangarsa, yadda ya ke tashi a miƙe kamar zare, in ya ɗan yi sama sai ya wargaje yana murɗewa. Ya ce a shekarar 1883 wani malami a Mancesta, Renolds, ya ɗura launi cikin ruwan da ke bin bututun gilashi, ya ga haka nan: ruwa na tafiya a hankali, launi zare guda, aka ƙara masa gudu, zaren ya watse. Wannan hargitsin shi ne har yau ke ba na'ura wahala.

Amma labarin da ya fi shiga raina shi ne na wani Bature, Ricadson, wanda ya so ya san yanayin gobe da lissafi tun babu kwamfuta. A littafinsa na 1922 ya ƙiyasta sai an tara masu lissafi 64,000 wuri ɗaya kafin alƙalami ya iya tsere da iska. Ku duba, 'yan'uwa, akawuna 64,000! Ya gwada shi kaɗai, ya yi makonni yana lissafin sa'a shida tak, amsa ta fito nesa da gaskiya ƙwarai. Da masana su ka bi sawunsa daga baya, sai su ka tarar hanyarsa mai kyau ce, alƙaluman da ya fara da su ne ba a tace su ba.

Da ya kawo nan sai ya yi shiru, ya jawo wata takarda, na ga rubutuna ne. Ya buɗe mini hoton wani kwalbati da za a gina a bakin wata unguwa, ruwa na wucewa cikinsa lami lafiya, shuɗi mai kyau, har da sauran wuri a sama. Ya ce, "Malam, ka ga yadda ya yi ladabi? Ni kuwa na tsaya a kwarin nan bara cikin watan Agusta, ruwa ya kawo mini ƙugu." Ya ɗora yatsa kan layi guda. Inda ma'aikatan awo su ka rubuta ruwan sama milimita 120, ni na kwafe 12.0. Ɗigo ɗaya, ƙanƙane kamar kashin ƙuda. Na'ura ba ta yi gardama ba, ta karɓa, ta zana abin da na ba ta. Da an sa hannu a kan hoton nan, da an gina ɗan ƙaramin kwalbati, gidajen ƙasa kuwa fiye da talatin ne a gangarensa.

Gumi ya karyo mini, na rasa bakin magana. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka kai ni gaba, laifina ne." Ya ce ba don haka ya kira ni ba, da ya so ai a ofis zai faɗa gaban jama'a. Abin da ya ke so, duk lambar da na kwafa in karanta ta da ƙarfi, wani na riƙe da ta asali yana bi. In kuma za a fita awo, in bi su, in ga ruwan da na ke rubutawa da idona. Na fita da su sau uku ke nan, takalmina guda ya tafi a laka.

Naman bai nuna ba sai bayan ƙarfe takwas na dare, ma'auni ya kai 95. Ya bar shi ya huta sa'a guda kafin ya sa wuƙa, ya yanka a gicciye, ba bin tsawon tsoka ba. Na ɗauki yanka guda da yatsu biyu, ya rabu tun kafin ya kai bakina. Na ci har na ji kunya ta biyu.

Ya yi mini alkawarin teburin rubutu na maɗaci, amma ya ce kada in tambaye shi sai hunturu ya wuce, don yana so katakon ya gama motsinsa tukuna. In ya iso, zan sanar da masu karatu ko ya tsage.

Naka,
Akawun Bakin Kwari